Makin Mota da Hanyar Shinkafi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabinmu da alayensa da sahabbansa.

Zuwa ga ɗiyata Saratu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah takardar nan ta same ki zaune cikin mota lafiya, ba a matse ki ba, kin kuma samu gefen taga yadda kike so. Allah Ya sauke ki Abuja lafiya, Ya haɗa ki da mutanen kirki a asibitin da za ki fara aiki, Ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga duk matar da za ki karɓi haihuwarta.

Na sa takardar cikin ledar dabino da ƙuli-ƙuli, don na san nan za ki fara kai hannu. Kin san hali na. Magana gaba da gaba ba ta yi mini daɗi, in na fara sai in ji kamar faɗa nake yi, sai in haɗiye sauran. A takarda ko, ba mai katse ni, ni ma ba na katse kaina.

Shekaranjiya ina gindin murhu ina tuƙa tuwo, ke da yayanki Bashiru kuna kan tabarma kuna duban waya. Kinka nuna masa abin nan na kamfanin motoci: duk tikitin da mutum ya saya ta waya ana rubuta masa maki, in makin ya taru a ba shi kujera kyauta. Na ji kin ce, "Yaya, da wagga tafiya, da zuwan da za ni riƙa yi Kaduna don jarrabawa, kafin Babbar Sallah makina ya isa kujerar Gusau. Ta Sakkwato da saura. Sai in sauka Gusau, in yanko ta Ƙaura da Shinkafi da Isa, in kwana gida. Ga sauƙin kuɗi, ga gajeruwar hanya."

Bashiru ya ce, "Ke dai 'yar boko, ko atishawa sai kin yi mata lissafi."

Kunka yi dariya, ni ma na murmusa. Amma tuwon ranar nan kun ci shi da gudaji, har babanku ya tambaya ko lafiya. To, dalilin ke nan. Hanyar da za ki biyo ki dawo gida ita ce ta tsaya mini a rai, ita ce kuma ta sa na ɗauki alƙalami.

Kafin in ce komai sai da na fara binciken ko abin ma ya halatta, don ba na son ki zauna kujerar da ke da shubuha. Jiya bayan an tashi Islamiyya na tsaya na tambayi Malama Hafsatu. Ta dube ni ta ce, "Rabi, ke da waya sai kira da kashewa, ina kinka samo maki?"

Na ce, "Na ɗiyarki Saratu ne, Malama."

Na yi mata bayani iya fahimtata. Ta ce, "Ana biyan wani kuɗi daban don a samu makin?" Na ce a'a. Ta ce, "Ana jefa ƙuri'a, wani ya ci wani ya tashi hannu wofi?" Na ce a'a, kowa gwargwadon tafiyarsa. Ta ce, "To ai wannan gyara ne. In kin auni gero tiya biyu a kasuwa, mai awo ya ƙara miki tafin hannu, kina mayar masa?"

Na ce, "Ina ma ce masa hannun nasa ya yi ƙanƙanta."

Ta yi dariya har mayafinta ya zame. Ta ce bambancin kawai shi ne wannan gyaran ajiye miki ake yi sai wata rana. Ta ƙara da abu ɗaya da nake so ki riƙe: in asibiti ne ya biya miki kuɗin mota don aikinsa, makin ya faɗo wayarki, ki tambayi shugabarki ko sun yafe. Tambaya ce ta minti ɗaya, ki yi ta ki huta.

Don haka ba hana ki nake yi ba. Na ma ji daɗi ƙwarai da na ga kin tashi da tattali, ba ki raina ƙaramin abu. Sai dai ni na riga ki bin gyara, kuma na bi shi har ya ɓatar da ni ba sau ɗaya ba. Bari in ba ki labari.

Shekarar da na yaye Bashiru wani kamfanin sabulun wanki ya yi shela cewa duk wadda ta tara takardun sabulunsa za a ba ta bokitin roba mai murfi, wadda ta tara fiye da haka a ba ta babban baho. Na ga bokitin rataye a shagon bakin kasuwa, shuɗi, sai raina ya biya. Ribar man gyaɗana duk ta koma sabulu. Wanki bai ƙaru ba a gidan, amma ni ina ta saye, ina kware takarda, ina jera sabulun tsirara ƙarƙashin gado. Wata rana babanku ya duƙa neman takalminsa, ya ɗago ya ce, "Rabi, gulbin Rima za mu wanke ne?"

Takardun sunka isa bokiti. Da na aika a lokacin, da na karɓa. Sai na ce a raina, ai saura kaɗan in kai baho, me za ni yi da bokiti? Na ci gaba da tari. Ranar da na cika na aika, mai shagon ya ce lokacin ya wuce, masu kamfanin sun kwashe kayansu sun koma. Ba bokiti, ba baho. Ɓeraye sunka ci rabonsu, sauran kuma da shi na wanke tsummokinki da anka haife ki. In an haɗa abin da na kashe, ya sayi baho da bokiti har da moɗa.

Abin da na koya a nan, kada ki ƙirƙiri tafiya don maki ya ƙaru. Tafiyar da dole za ki yi, ita za ki saya ta inda ake ba da makin, in kuɗinsu bai fi na maƙwabtansu ba. In ya fi, ki duba da kyau, don wani lokaci kuɗin gyaran ne anka riga anka ɗora miki a kan tikitin. Sannan in makin ya isa wani abu mai amfani, ki karɓa, kada ki tsaya jiran baho. Bashiru ya ce irin wannan maki yana mutuwa in ya daɗe ba a taɓa shi ba. Ki tambaye su yaushe naki zai mutu, ki sa a ranki.

Na biyu ya fi wannan ciwo, ko da yake yanzu dariya muke yi in an tuna. Lokacin da nake kai man gyaɗa kasuwar Isa akwai wani direba, Mamman Dogo, mutumin kirki, Allah Ya jiƙansa. Saboda na saba shiga motarsa, wani zubin sai ya ce, "Malama Rabi, yau jarkokinki sun hau kyauta." Wannan kalma ta ɗaure ni. Na zama ba na shiga motar kowa sai tasa.

Ranar sunan ɗan fari na ƙanwata Hauwa, innarki ƙarama, na yi sammako na je tasha da turmin atamfa da kwanon cincin. Dogo bai fito ba. Mota ta cika ta tashi, wata ta cika ta tashi. Ɗan kamasho yana ta kira, "Malama Rabi, saura mutum guda, taho mu tahi!" Ni ko ina cewa ina jiran Dogo. Ashe motarsa tana wurin makaniki. Sai bayan azahar ya iso, sannan anka shiga jiran fasinja. Na isa Isa rana ta yi sanyi, mata suna ta sallama suna fita. Hauwa ta hango ni daga ƙofar ɗaki ta ce, "Lale da uwar biki! Kin zo a daidai, ga kwanoni can, wanki kaɗai ya rage."

Kowa ya yi dariya. Kakarki dai ba ta yi ba. Ta dube ni, ta dubi kwanon cincin, ta ce, "Kin ci abinci?" Wannan tambaya ta fi mini zagi zafi. Ranar ma ba ni da jarka ko ɗaya, balle a ce wani abu za a yafe mini. Sabo ne kawai. Da na ba Dogo labari daga baya sai ya riƙe baki ya ce, "Haba Malama, da kin shiga wata ai ba ni yin fushi. Ni ma in tawa ta lalace ta wani nake shiga."

Kin gani ko? Shi mai ba da gyaran bai ce in jira shi ba, ni na ɗaure kaina. Haka kamfanin nan naki. Ba su san ranar sunan kowa ba, ba su san wa ke jiranki ba. In lokacinsu ya yi daidai da naki, madalla. In bai yi ba, ki shiga wata motar, ranki fes.

Sauran dabarun tafiya kin gan su a wurina tun kina ƙarama, ba sai na tsawaita ba. Kakarki ta koya mini in ƙulle kuɗin komowa daban a bakin zane tun kafin in bar gida, kada in kwance ko me na gani a kasuwa. Ke ba ki ƙulli a zane, to ki ware su ranar da albashi ya shigo, ki manta da su. Ki kuma riƙe 'yan takardun kuɗi a jikinki, don kin san in an wuce Goronyo waya takan yi gum, kuma direban garinmu bai san zancen "na tura, bai shigo ba". Kada ki bari sai jajibirin Sallah, lokacin da kuɗin mota ke hauhawa kowa yana ture kowa. In za su ba ki hutu da wuri, ki taho da wuri. A tasha, kafin ki tambayi ɗan kamasho nawa ne, ki tambayi matar da ta riga ki zama nawa ta biya. Guzuri kuma ki yi shi daga gida. Abincin bakin hanya ga tsada ga ɓata ciki, ke kuma cikinki irin na babanki ne.

Tsaraba ma kada ta dame ki. Na taɓa ɗauko tukwanen ƙasa daga Shinkafi don na same su da araha, kuɗin ɗaukarsu ya fi kuɗin sayensu, biyu kuma sunka fashe kafin Isa. Don Allah kada ki sayo mana burodi tun daga Abuja. Akwai shi Sakkwato, kuma yara ba su bambancewa.

Yanzu ga maganar da ta sa na yi duk wannan zagaye.

Hanyar Shinkafi hanyata ce, Saratu. A Isa anka haife ni, ta nan anka kai ni Gusau ganin likita ina yarinya, ta nan munka je sayen kayan ɗakina. Na san inda ake tsayawa shan fura a Ƙaura, na san kukar da in an hango ta an kusa gida. Ba wanda zai koya mini sonta. Amma hanyar da na sani da wadda ke nan yanzu ba ɗaya ba ne, ke ma kin sani, duk garin nan an sani.

Kin sha jin labarin komowata daga Gusau, lokacin da na je dubiyar kawunki Sani da anka yi masa aiki. Kullum ana ba da shi ta wajen yadda Allah Ya tsare. Yau ina so ki dube shi ta wajen yadda na shiga motar. La'asar ta yi, matar kawunki tana riƙe da mayafina tana cewa, "Yaya, ki kwana mana, gobe da safe ki tahi." Na kusa yarda. Sai na ce bari dai in leƙa tasha. Na tarar da wani direba zai koma Isa da kujeru wofi, ya ce in za ni shiga yanzu ya rage mini kusan rabi. Ba wani uzuri gare ni a gida ba. Ragin nan kaɗai ya sa ni cikin motar, har ina jin daɗi a raina wai na yi dabara.

Mun wuce Ƙaura da kaɗan wayarsa ta yi ƙara. Ya saurara, ya gangara gefen hanya. Sai ya juyo ya ce, "Jama'a, kowa ya yi salati, juyawa za mu yi." Ba wanda ya tambaye shi dalili. Munka koma Ƙaura ana kiran magariba. Wata mai fura da ban taɓa gani ba ta kai ni gidanta, ta ba ni tabarma da ruwan alwala, Allah Ya saka mata da Aljanna. Da safe na koma Gusau, daga can Sakkwato, daga can gida, na biya kowace mota cikakken kuɗinta. Motar da ta riga mu tashi kuwa, ita 'yan bindiga sunka tare, akwai wani mutumin garin Gatawa a ciki wanda babanku ya sani. Ya dawo, alhamdu lillahi, amma sai da danginsa sunka sayar da gona da shanun noma.

Na san rai da ajali na hannun Allah, ban taɓa shakka ba. Amma Shi ne Ya ba mu hankali, kuma za a tambaye mu abin da munka yi da shi. Ni ranar nan ban yi aiki da nawa ba, na bar ragin kuɗi ya zaɓa mini hanya da lokaci. Ki lura, motar Abuja ba ta isa Gusau sai wajen la'asar. Wato lissafin da kinka yi wa Bashiru zai ajiye ki daidai tashar da na tsaya, a daidai lokacin da na tsaya.

Ga abin da nake so. Ki je ofishinsu ki tambaya ko za ki iya biyan kujerar da makin har Gusau, ki cika kuɗi ki zarce Sakkwato cikin motar ba tare da kin sauka ba. Bashiru yana ganin ana yi, amma bai tabbatar ba. In ana yi, kin ci gyaranki, kin kuma biyo hanyar da nake so. In ba a yi, ki kashe makin a zuwanki Kaduna, can ma kuɗi ne ya rage miki, na gida kuma ki saya har Sakkwato.

A Sakkwato ki kwana. Na riga na kira Gwaggo Larai, yayar babanki. Ban gama magana ba ta ce, "Ɗiyar ƙanena ta kwana wani wuri ina raye? Ki ce mata ɗaki na nan, katifa na nan, ta dai taho da kunnuwanta, don labarin shekara guda na tara mata." Kin san Gwaggo, ba za ki yi barci da wuri ba, amma za ki ci masa da miyar taushe. Da safe ɗanta zai kai ki tasha ki shiga motar mutanen garinmu, waɗanda ke tashi a jere suna kiran juna a waya. Ba na ce miki hanyar Goronyo ba ta da nata ba. Tana da shi. Amma tafiyar safe cikin jama'a, da direban da ya san babanki, daban take da tafiyar yamma da wanda ba ki sani ba. In kuma kafin lokacin abubuwa sun canza, babanku zai tambayi direbobi ya gaya miki. Abin da ya ce shi za ki bi, ba abin da waya ta ce ba.

Saura abu ɗaya, shi ne ya fi mini nauyin rubutawa. Na san albashin farko ba ya auki. Ga haya, ga kayan aiki, ga jarrabawa. Mai yiwuwa Sallah ta matso ki duba ki ga kuɗin Sakkwato bai kama ba, makin Gusau kuma yana nan yana kallonki, ki ce ai Inna tana jirana. To ki ji da kyau: in haka ta faru, ki yi Sallarki a can. Na yafe miki. Ba ki taɓa yin Sallah nesa da ni ba, kuma ban san yadda za ni yi da ranar ba, wa zai sa mini lalle, wa zai tsaya mini a kan kaskon suya yana satar hanta. Amma za ni iya. Za ni soya naki kason ya soyu sosai, in rufe shi cikin kitse, zai jira ki har bayan Sallah. Kewarki abu ne da na san yadda ake ɗaukarsa. Ɗayan kuwa ban sani ba, kuma ina roƙon Allah kada Ya koya mini.

Na karanta wa babanku wannan wurin. Ya ce, "Rubuta mata cewa umurni ne." Na ce masa a'a, ni roƙo za ni rubuta, don ɗiyata ba ta taɓa mayar mini da roƙo ba. Don haka roƙonki nake yi. In kin sauka kin huta, ki kira ni. Ba na bukatar dogon bayani. Ki ce, "Inna, ta Sakkwato," ya ishe ni.

Allah Ya tsare gabanki da bayanki, damanki da hagunki. Ya tsare direbanku da duk wanda ke cikin motar. Kada ki bar addu'ar hawa abin hawa, in kuma an tsaya a hanya ki fara da salla kafin abinci, kin san matafiyi an sauƙaƙa masa. Allah Ya sa albarka cikin abin da za ki samu, kaɗan ko mai yawa, Ya kawo mana zaman lafiya a ƙasar Gobir da Zamfara baki ɗaya, har wata rana mu bi ta Shinkafi ni da ke da rana tsaka, in nuna miki gidan mai furar nan mu gaishe ta.

Babanku yana sa miki albarka. Bashiru ya ce ki bar masa cajar da kinka ɗauka, na ce masa ya makara.

Na bar ki a hannun Allah, wanda ajiyarSa ba ta tozarta. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Innarki,
Rabi'atu
Sabon Birni